Daga Dawanau Zuwa Japan: Abin Da Buhun Riɗi Ke Tararwa A Hannun Kwastam

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau da ke gefen birnin Kano bayan kaka, ya ga yadda ake jibge buhunan riɗi kamar tsaunuka, ’yan dako na kai da komowa, manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi. Da yawa daga cikin riɗin nan ba a gida za a ci shi ba. Daga gonakin Jigawa da maƙwabtanta yake fitowa, a tace shi, a loda a kwantena, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Legas, sannan ya shiga jirgin ruwa zuwa Japan ko Sin ko Turkiyya.

A wannan doguwar tafiya akwai inda mota take tsayawa cak, jirgi kuma bai tashi ba, amma kuɗi na ta zuba kamar an huda buhu. Wurin shi ne bakin iyaka, inda ake jiran takardu da binciken kaya. Duk kwanan da kwantena ta ƙara a tashar jiragen ruwa, akwai kuɗin ajiya, akwai kuɗin direban da ke zaman jira, ga kuma mai sayen kayan a can waje da ya fara tunanin komawa wurin wani mai sayarwa. Ɗan kasuwa ba ya haɗiye wannan asara shi kaɗai. Idan fitar da kaya yake yi, sai ya rage farashin da zai sayi riɗi a hannun manomi, wataƙila ma mahaifin ɗaya daga cikinku ne da ke jiran kuɗin ya biya na makaranta. Idan kuma shigowa da kaya yake yi, sai ya ɗora a kan farashin magani da wayar salula da takardar da aka yi littafin rubutunku da ita.

Wannan ya sa ƙasashen duniya suka daɗe suna kashe kuɗi da lokaci wajen ƙara wa hukumomin kwastam ilimi da kayan aiki. A wannan mako za mu duba abin da ake koya musu, da dalilin da ya sa lamarin ya shafe ku.

Daga fito zuwa kwastam

Karɓar kuɗi a kan kayan fatauci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayo goro, ayari kan biya kuɗi a mashigin kogi da kuma ƙasashen sarakunan da ya ratsa, kuma madugu ne ke daidaitawa a madadin kowa. Shi ya sa har gobe muke kiran harajin shigo da kaya da “kuɗin fito”. Ita kuwa hukumar kwastam ta Najeriya, ana ƙirga tarihinta ne daga 1891, a zamanin Turawan mulkin mallaka. Maƙwabtanmu na Nijar suna kiran tasu “duwan”, daga Faransanci.

A yau ayyuka uku ne manya a kan wuyan kwastam. Na farko, tara wa gwamnati kuɗi: a 2024 hukumar ta Najeriya ta tara sama da naira tiriliyan 6. Na biyu, tsare ƙasa daga miyagun kaya. A watan Yulin 2024 hukumar ta sanar da kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a cikin kwantena guda a tashar Onne ta Jihar Ribas. Na uku, sauƙaƙa wa halattaccen ɗan kasuwa hanya.

To a nan gizo yake saƙar. Idan jami’i ya ce sai ya buɗe kowace kwantena ya ƙirga kowane kwali, tasha za ta cunkushe, kaya su lalace, farashi ya hau. Idan kuma ya saki komai ba dubawa don a yi sauri, sai bindiga da ƙwayar tiramadol da jabun magani su bi sahu su shigo. Ana son sauri, ana kuma son tsaro, a lokaci guda. Haɗa biyun nan shi ne ilimin da ake ta ƙoƙarin koyarwa.

Harshen lamba da duniya ta yarda da shi

Mu muna cewa riɗi, mutumin Japan yana da nasa sunan, Baturkiye ma haka. Ta yaya jami’in Legas da na can za su tabbata kaya ɗaya suke magana a kai? Amsar ita ce lamba. Tun 1988 duniya ke amfani da tsarin lambobin kaya na bai-ɗaya, wanda ya kasa kayan ciniki gida sama da 5,000, kowanne da lambarsa mai alƙaluma shida. Lambar riɗi ita ce 1207.40. Biyun farko, wato 12, suna nufin babin da ya ƙunshi ƙwayoyin da ake tatsar mai daga cikinsu. Biyun tsakiya sun ƙara rage faɗin rukunin, biyun ƙarshe kuma sun nuna riɗi kai tsaye. Albasa tana ƙarƙashin 0703.10, wayar salula ta zamani kuma 8517.13. Duk bayan kimanin shekara biyar ake sabunta jerin, domin kullum ana ƙirƙiro sababbin kaya.

Kada ku ɗauka wasa ne. Da lambar ake gane nawa za a biya. Tun 2015 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka fara aiki da jadawalin kuɗin fito guda mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Mu yi lissafi kamar a aji. A ce ɗan kasuwa ya shigo da kaya da darajarsu, haɗe da kuɗin jirgi da inshora, ta kai naira miliyan 10. Idan lambar kayan ta faɗa matakin kashi 5, zai biya naira 500,000. Idan ta faɗa matakin kashi 20, zai biya naira miliyan 2. Bambancin naira miliyan 1 da rabi ke nan, a kan alƙaluma shida kacal. Jami’in da bai ƙware ba zai iya cutar ɗan kasuwa, ko ya bari ɗan kasuwa ya cuci gwamnati, ko kuma a kwashe makonni ana gardama kaya na zaune.

Bayan lamba, akwai abubuwa biyu da dole jami’i ya iya. Ɗaya shi ne tantance darajar kaya, wadda a ƙa’idar duniya ake farawa da ainihin kuɗin da mai saye ya biya. Ɗayan kuma shi ne gane asalin kaya, wato a wace ƙasa aka noma su ko aka ƙera su, domin akwai rangwamen da sai kayan ƙasashen da aka ƙulla yarjejeniya da su ake yi wa.

Ba kowace kwantena ake buɗewa ba

Ku ɗauka makarantarku tana da ɗalibai 1,000, sai malami guda ya tsaya a bakin ƙofa ya ce sai ya binciki jakar kowa. Ko minti ɗaya ya ba kowace jaka, sai ya yi awa 16 da minti 40 kafin na ƙarshe ya shiga, an daɗe da tashi. Malami mai dabara zai yi amfani da abin da ya sani: wa aka taɓa kamawa da abin da aka hana, jakar wa ta yi kumburin da bai saba ba. Sai ya ƙara da ɗauko wasu ’yan kaɗan ba zato ba tsammani, don kada kowa ya saki jiki.

Haka kwastam na zamani suke yi, kuma ana kiran dabarar auna haɗari. Tun kafin jirgi ya iso, kwamfuta ta karɓi bayanan kayan: daga ina suka taso, wa ya aiko, wa zai karɓa, mene ne tarihinsa, ko nauyin kwantenar ya dace da abin da aka ce yana ciki. Daga nan sai ta tura kayan ɗaya daga cikin layuka masu launi. Kore na nufin a saki. Ruwan ɗorawa na nufin a duba takardu da kyau. Ja na nufin a buɗe a gani da ido. Shuɗi kuma na nufin a saki yanzu, daga baya a je ofishin ɗan kasuwar a bi littattafansa. Akwai kuma na’urar haska kwantena, mai aiki irin na hoton ƙashi a asibiti, wadda ke nuna siffar abin da ke ciki ba tare da an sauke kwali ko ɗaya ba. Sai dai hoton ba ya magana. Sai jami’in da aka horar ne zai iya kallon inuwa ya ce wannan bututun ruwa ne, wancan kuwa bakin bindiga.

Wani mataki shi ne tsarin amintaccen ɗan kasuwa. Kamfanin da aka bincika aka ga yana faɗin gaskiya a takardunsa, yana biyan haraji, kuma rumbunansa na da tsaro, sai a ba shi shaida ta musamman, kayansa su riƙa fita da wuri. Najeriya ta ƙaddamar da nata shirin a watan Fabrairun 2025. A nan gaskiya ta zama jari, domin wanda ya riƙe amana shi ke riga kowa kai kaya kasuwa.

Takarda ta koma cikin kwamfuta

A da, wakilin mai kaya kan ɗauki fayil ya bi ofis-ofis, wannan ya buga hatimi, wancan ya sa hannu. Takarda ɗaya ta ɓata, sai a koma farko. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin manyan manhajojin kwastam na duniya buƙatar Afirka ta Yamma ce ta haife ta. A 1981 ne hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki da raya ƙasashe ta fara ƙera manhajar ASYCUDA, bayan ECOWAS ta nemi a taimaka mata da hanyar tattara alƙaluman ciniki. Yanzu ƙasashe da dama ke aiki da ita, ciki har da Nijar, inda ake kiranta SYDONIA. Najeriya ma ta yi shekaru tana amfani da ita kafin ta sauya, kuma a ƙarshen 2024 ta fara gwada wata sabuwa mai suna B’Odogwu a Legas.

Amma kwastam ba su kaɗai ba ne a tasha. Akwai NAFDAC mai duba abinci da magani, akwai hukumar kula da ingancin kaya, da ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da ta duba lafiyar tsirrai da dabbobi. Idan kowace za ta nemi takardunta daban, ta yi bincikenta daban, gudun kwastam bai amfana komai ba. Maganin wannan shi ne tsarin taga ɗaya: ɗan kasuwa ya shigar da bayanansa sau ɗaya ta intanet, duk hukumomin su gani, su ba da amsa a wuri guda. Ƙasar Singafo ce ta fara yin haka a 1989, inda aikin da ke cin kwanaki ya koma na mintuna. Ruwanda ta buɗe nata a 2012. A Najeriya, a watan Afrilun 2024 ne Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da aikin kafa shi.

Wa ke koyar da jami’an?

Uwar ƙungiyar masu wannan aiki ita ce Hukumar Kwastam ta Duniya, mai hedikwata a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam. Ta yi zamanta na farko ranar 26 ga Janairun 1953 da ƙasashe 17, shi ya sa ake bikin Ranar Kwastam ta Duniya a wannan rana duk shekara. Yau mambobinta sun haura 180. Ita ke kula da lambobin kaya da muka yi bayani, ita ke tura ƙwararru su horar da jami’an ƙasashe. A watan Yunin 2025 aka zaɓi shugaban kwastam na Najeriya, Bashir Adewale Adeniyi, ya shugabanci majalisarta.

Ita kuma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Dokta Ngozi Okonjo-Iweala ke jagoranta tun 2021, tana da Yarjejeniyar Sauƙaƙa Ciniki. An amince da ita a tsibirin Bali na Indonesiya a 2013, ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017. Ta wajabta wa ƙasashe su bayyana dokokinsu da kuɗaɗensu a fili, su karɓi takardu kafin kaya su iso, su ba kayan da ke saurin lalacewa fifiko, su kuma ba ɗan kasuwa damar ɗaukaka ƙara. Ƙungiyar ta ƙiyasta cewa idan aka aiwatar da ita baki ɗaya, tsadar gudanar da ciniki za ta ragu da kimanin kashi 14 cikin 100.

Abin sha’awa a yarjejeniyar shi ne ta yarda cewa hannu ba ɗaya ba ne. An bar ƙasashe masu tasowa su kasa alkawuransu gida uku: waɗanda za su cika nan take, waɗanda suke buƙatar lokaci, da waɗanda sai an taimaka musu da horo da kayan aiki. Don taimaka wa ƙasashe su aiwatar da yarjejeniyar ne Hukumar Kwastam ta Duniya ta buɗe shirin Mercator a 2014.

A gida kuwa, akwai kwalejin horar da jami’ai a Goron Dutse cikin Kano, da ta Ikeja a Legas, da babbar kwalejin manyan jami’ai a Gwagwalada. A 2023 aka yi sabuwar dokar kwastam, ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun 1958. A farkon 2024 kuma aka fara binciken auna lokaci a tashar Tin Can ta Legas, inda ake bin kaya da agogo daga saukarsu har fitarsu, don a gano a teburin wa suke kwana. Likita ma sai ya auna kafin ya rubuta magani.

Iyakokinmu na tudu

Ba a bakin teku kaɗai wannan magana ta tsaya ba. Ɗaliban Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba sun fi kowa sanin yadda rayuwar gari take rataye a kan iyaka. Nijar ba ta da teku, don haka kayan da take sayowa daga nesa sai sun ratsa ƙasar maƙwabta. Albasar Galmi kuwa ba ta san jira ba: kwana kaɗan a cikin mota a rana, sai ta fara ruɓewa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mutanen garuruwan nan sun ɗanɗana abin da tsayawar ciniki ke nufi.

Daga cikin gyare-gyaren da ake yi akwai ofishin iyaka na haɗin gwiwa, inda jami’an ƙasashe biyu ke zama a harabar guda, mota ta tsaya sau ɗaya maimakon sau biyu. An buɗe irinsa a Seme, tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin, a 2018. Akwai kuma tashoshin tsandauri: ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. Manufarsu ita ce ɗan kasuwar Dawanau ya gama takardunsa a gida, a duba kayansa a rufe kwantena, ta wuce bakin teku ba sai an sake zazzage ta ba.

Buƙatar ta ƙaru tun da aka kafa kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar Afirka. A birnin Yamai Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar a watan Yulin 2019, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Rangwamen da ta tanada na kayan Afirka ne kawai. Jami’in da ke Jibiya ko Illela shi zai tantance ko takalmin da ke gabansa ɗinkin Afirka ne, ko kuwa daga wata nahiya aka kawo shi aka sauya masa kwali.

Abin da na’ura ba ta iya gyarawa

Za a iya sayen na’urar haska kwantena ta miliyoyin kuɗi, amma idan babu wutar lantarki ko mai gyara, sai ta zama kayan ado. Idan intanet ta ɗauke, taga ɗayar ta rufe. Direbobin da ke bin manyan hanyoyin Afirka ta Yamma sun daɗe suna kuka da yawan shingayen jami’ai iri-iri da kuɗin da ake karɓa ba rasit. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ’yan kasuwar da ke rubuta ƙarya a takarda, su rage daraja ko su sauya sunan kaya, su jawo wa masu gaskiya tsanani. Hukumar Kwastam ta Duniya ta san da wannan ciwo, shi ya sa tun 1993 ta fitar da Sanarwar Arusha a kan riƙon amana, ta sabunta ta a 2003. Amfanin kwamfuta a nan shi ne tana rage haɗuwar mai kaya da jami’i ido da ido, tana kuma ajiye sawun wanda ya taɓa kowace takarda. Amma mutum ne ke zaune a gabanta, kuma halinsa daga gida da makaranta yake tahowa da shi.

Ina gurbinku?

Yawancin yara idan an ce kwastam, kaki da bindiga da shinge suke hangowa. Aikin ya fi haka faɗi. Ana buƙatar mai lissafi da ilimin ƙididdiga don auna haɗari, mai ilimin kwamfuta don gina manhaja da kare ta daga ɓarayin intanet, mai ilimin sinadarai don gano abin da ke cikin farin gari a ɗakin gwaji, da mai ilimin akanta don bin littattafan kamfanoni. Ana buƙatar lauya da masanin tattalin arziki. Kada kuma ku raina darasin Faransanci, domin Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, wato duk ƙasashen da muka haɗa iyakar tudu da su, an daɗe ana aikin ofis da shi a cikinsu. Matashin da ya haɗa Hausa da Turanci da Faransanci yana da abin da ake nema a iyaka. Ba kuma sai mutum ya sa kaki ba: kamfanonin sufuri da bankuna da masu fitar da riɗi da zoɓo da citta duk suna neman wanda ya san lambar kaya da ƙa’idar takardu, mace ko namiji.

Ga ɗan aiki na wannan mako. Ku ɗauki kaya biyar a gidanku ko a shagon unguwa, ku duba jikinsu ku rubuta ƙasar da aka yi kowanne. Sannan ku buɗe taswira ku bi hanyar da kuke ganin ya biyo har ya iso hannunku, ku ƙirga iyaka nawa ya tsallaka. Ku kai wa malaminku na tattalin arziki ko na labarin ƙasa, ku tattauna a aji a kan wanne ne daga cikinsu jinkiri a iyaka zai fi yi wa illa, kuma wa zai biya kuɗin jinkirin a ƙarshe.